Fada Hesburgh da Jami'ar Notre Dame

A arewacin jihar Indiana ta ƙasar Amurka, daura da garin South Bend, akwai wata jami'a ta mabiya ɗarikar Katolika da ake kira Notre Dame, wadda asalinta ya faro a watan Nuwamba na 1842, sa'ad da wani matashin limamin Kirista mutumin Faransa, Fada Edward Sorin, ya iso wurin cikin tsananin hunturu tare da 'yan'uwansa bakwai na ƙungiyar Gicciye Mai Tsarki, bai tarar da wani abin kirki ba face ɗan ɗakin ibada na katako a bakin tafki. Bishop na Vincennes ne ya ba shi filin bisa sharaɗin ya kafa makaranta, kuma a 1844 hukumar jihar ta ba shi izinin ba da shahadar digiri, alhali ɗalibansa ba su taka kara sun karya ba. A 1879 gobara ta cinye babban ginin makarantar ƙurmus, amma kafin shekarar ta fita an sake tayar da shi, daga bisani aka ɗora masa ƙubbar zinariya wadda ita ce alamar wurin har yau.

Wajibi ne mai karatu ya san halin da Katolika suke ciki a Amurka a wancan zamani, domin da shi ne za a gane ƙimar abin da ya biyo baya. Galibinsu baƙi ne matalauta da suka yi hijira daga Ailan da Jamus da Italiya da Folan, masu aikin ƙarfi a masana'antu da ma'adinai, waɗanda masu hannu da shuni na ƙasar suke kallo da idon raini da tuhuma; har ma a watan Mayu na 1924 ƙungiyar nan ta Ku Klux Klan, mai gaba da baƙar fata da Katolika da Yahudawa baki ɗaya, ta yi gangami a South Bend, ɗaliban jami'ar suka fito aka gwabza a kan tituna. Abin da ya ɗaga sunan Notre Dame a shekarun nan shi ne ƙwallon Amurka, ƙarƙashin mai horarwa Knute Rockne, kuma ba na ganin laifin ma'aikacin da ya sami sanyi a zuciya da nasarar 'ya'yan ɗarikarsa a filin wasa. Sai dai shahara a wasa daban, shahara a fagen ilmi daban, kuma ta biyun makarantar ba ta da ita.

Wannan ita ce makarantar da marigayi Fada Theodore Hesburgh ya gada. An haife shi a Syracuse ta jihar New York ranar 25 ga Mayu 1917, ya shiga ƙungiyar Gicciye Mai Tsarki yana saurayi, ya ɗauki alkawarin zaman talauci da rashin aure da ɗa'a ga shugabanni, aka tura shi Jami'ar Gregorian a birnin Rum ya karanci falsafa har Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta masa komowa gida. An naɗa shi fada a 1943. Muradinsa a lokacin shi ne a tura shi limanci cikin sojojin ruwa, shugabanninsa suka ƙi, suka umarce shi ya kammala digirin digirgir a ilmin tauhidi, ya bi umarni. Da ya dawo Notre Dame a 1945 sai aka ɗora masa kula da tsofaffin sojojin da suka komo karatu da matansu da jariransu, kuma mai yiwuwa a nan ya koyi sauraren matsalolin iyali da talauci waɗanda littafi ba ya koyarwa. A 1952 aka naɗa shi shugaban jami'ar yana da shekara 35, ya riƙe ta har 1987, da abokin aikinsa Fada Edmund Joyce a matsayin mataimaki tun daga farko har ƙarshe. A tsawon wannan mudda wakafin jami'ar ya tashi daga dala miliyan 9 zuwa miliyan 350, adadin ɗalibai ya kusa ninkawa, aka buɗe katafaren ɗakin karatu a 1963, aka fara karɓar ɗalibai mata a matakin digirin farko a 1972.

Amma inda ya fi cancanta a tsaya shi ne shekarar 1957, lokacin da Shugaba Eisenhower ya naɗa hukumar binciken haƙƙin 'yan ƙasa mai mutum shida, uku daga kudu inda wariyar launin fata take da gindin zama a shari'a, uku daga arewa, ya sa Fada Hesburgh a ciki, mutane da yawa suna zaton hukumar za ta watse da jayayya ba tare da ta haifar da kome ba. A watan Disamba na 1958 'yan hukumar suka je Montgomery ta jihar Alabama domin jin shaidu, masaukan garin suka ƙi saukar da ɗaya daga cikinsu wanda baƙar fata ne, dole suka kwana a sansanin sojan sama na Maxwell. A zaman kuwa suka ji malamai da ma'abota ilmi na yankin Tuskegee suna bayyana yadda ake hana su rajistar zaɓe da hilar jarrabawa, yayin da wani alƙali mai suna George Wallace ya ƙwace littattafan rajista ya hana a duba. Da aka shiga daminar 1959, wani alƙalin kuma ya hana su zama a Shreveport ta Louisiana, rayuka suka ɓaci, lokacin miƙa rahoto ya ƙarato, sai Fada Hesburgh ya kwashe abokan aikinsa zuwa wani gidan hutu na jami'arsa a Land O'Lakes ta jihar Wisconsin, suka wuni kamun kifi, suka ci abinci tare, da dare aka zauna shawara, aka fito da matsaya goma sha biyu, goma sha ɗaya da ijma'i, guda ɗaya da saɓanin mutum ɗaya tak. A ra'ayina wannan shi ne mafificin aikinsa, domin ya fahimci cewa mutumin da ya tashi cikin zalunci ya ɗauke shi al'ada ba ya sauka daga kansa da zagi ko gori, sai an zauna da shi an girmama shi sa'an nan a ɗora masa hujja a gaba. Binciken hukumar ya zama tubalin dokar haƙƙin 'yan ƙasa ta 1964 da dokar zaɓe ta 1965, kuma a watan Yuni na 1964 aka ga wannan fada a filin Soldier na Chicago riƙe da hannun Martin Luther King a gaban dubban jama'a.

Kusantarsa da masu mulki ba ta sa ya zama bawansu ba. A watan Fabrairu na 1969, ana tsakiyar tarzomar ɗalibai kan yaƙin Biyetnam, ya rubuta wasiƙa cewa duk ɗalibin da ya tare hanya ya tauye haƙƙin wani za a ba shi minti 15 ya yi tunani, in bai janye ba a dakatar da shi. Shugaba Nixon ya yi murna da wasiƙar, ya kuma ba shi shugabancin hukumar haƙƙin 'yan ƙasa a shekarar, amma shi Fada ya gargaɗi gwamnati kada ta tsoma hannu cikin al'amuran jami'o'i, daga baya ya fito fili ya nemi a janye soja daga yaƙin, ya kuma soki sakacin gwamnatin game da haɗa 'ya'yan baƙi da na farare a makarantu. Da Nixon ya sake cin zaɓe a watan Nuwamba na 1972, sai aka buƙaci ya ajiye muƙamin, ya ajiye.

Akwai mas'ala guda da har yanzu Katolikan Amurka suke saɓani a kanta. A 1967 ya jagoranci miƙa mulkin jami'ar daga hannun ƙungiyar limamansa zuwa majalisar amintattu wadda mafi yawanta ba limamai ba ne, a shekarar kuma ya tara shugabannin jami'o'in Katolika suka fitar da sanarwar cewa jami'a ba ta amsa sunanta sai tana da 'yancin bincike daga kowace hukuma, ta addini ko ta duniya. Masu suka suna cewa wannan ne ya raunana ruhin addini a makarantunsu, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce, gama duk al'ummar da take da makarantun addini ta san wannan fargaba. Sai dai ni ina ganin mutumin da bai yarda rana ta wuce shi ba tare da ya yi ibadar Mas ba, ko yana wace nahiya, ya yi hakan ne saboda yaƙininsa cewa imani na gaskiya ba ya tsoron tambaya.

Sauran hidimominsa suna da yawa. Ya wakilci fadar Fafaroma a hukumar makamashin nukiliya ta duniya daga 1956 zuwa 1970. Ya gina cibiyar nazarin tauhidi ta Tantur kusa da Birnin Ƙudus bisa roƙon Fafaroma Paul na Shida, aka buɗe ta a 1972. Yana cikin amintattun gidauniyar Rockefeller sa'ad da ita da ta Ford suka kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967, wadda reshenta na Kano yake aiki kan irin wake. A 1979 da 1980 kuma ya tsaya tsayin daka wajen tara agaji ga mutanen Kambodiya da yunwa ta galabaitar.

Bayan ya sauka ya koma ofis a hawa na 13 na ɗakin karatun da aka sa wa sunansa, ganinsa ya yi rauni ƙwarai, ɗalibai suna zuwa bi da bi suna karanta masa jaridu, shi kuma yana karɓar duk wanda ya zo neman shawara. Ya rasu ranar 26 ga Fabrairu 2015 yana da shekara 97, aka yi jana'izarsa ranar 4 ga Maris a majami'ar da aka naɗa shi fada, ɗalibai suka jeru cikin sanyi tun daga ƙofarta har maƙabartar ƙungiyarsa, kuma da maraice tsohon Shugaba Jimmy Carter da matarsa Rosalynn suna cikin waɗanda suka yi jawabin ta'aziyya.