NHL '94: kaset ɗin hokin ƙanƙara da ya ƙi tsufa

A watannin ƙarshe na 1993, wani sabon kaset na wasan bidiyo ya shiga kantunan Amurka da Kanada daga kamfanin Electronic Arts, wanda aka fi sani da EA. A jikin kwalinsa akwai hoton Tomas Sandström na ƙungiyar Los Angeles Kings ya tunkaro golan Boston Bruins, Andy Moog. Sunan kaset ɗin NHL '94, kuma shi ne na uku a jerin wasannin hokin ƙanƙara da kamfanin ya yi wa na'urar Sega Genesis, wadda Turai da Japan suka sani da Mega Drive. Masu saye da yawa sun kai shi gida, sun zura a na'ura, sai suka fara gunaguni, domin an cire dambe, an cire jini. Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan, kuma idan aka zauna lissafin wasannin motsa jiki na bidiyo da suka fi kowanne, da wuya a tashi ba a ambace shi ba.

Shi hokin ƙanƙara wasa ne na ƙasashen sanyi, kuma Kanada ce gidansa. A birnin Montreal aka yi wasan farko mai tsari a cikin rufaffen fili a 1875, a can kuma aka kafa hukumar gasar NHL a 1917. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola, suna sulɓi kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna masu lanƙwasa. Zango uku ake yi, kowanne minti ashirin. Bangazar abokin hamayya halal ce, kuma a gasar NHL ta wancan zamani, idan mutum biyu suka yar da safar hannu suka kama dambe, alƙalai kan bar su su ɗan gwabza kafin a tura kowa benci na minti biyar.

Masu ƙera wasannin bidiyo sun daɗe suna neman yadda za su sa wannan cikin talabijin. A 1981 Alan Miller na kamfanin Activision ya yi wa na'urar Atari 2600 wasan Ice Hockey, mutum biyu kacal a kowane ɓangare. A 1988 Nintendo ta fitar da nata, inda mai wasa ke haɗa ƙungiyarsa daga siriri mai gudu, matsakaici, da ƙato mai ƙarfin bugu. A shekarar ce kuma Blades of Steel na kamfanin Konami ya iso na'urar NES ta Nintendo, ya yi suna da dambe: wanda aka kayar shi ake turawa benci, wanda ya yi kayen ya ci gaba da wasa. Duk sun yi farin jini, amma babu wanda ya ɗauko ainihin ƙungiyoyin NHL da 'yan wasansu, kuma duk daga gefe suke nuna fili, ana gudu hagu da dama, in ban da na Activision.

EA ta shigo ta ƙofar ƙwallon Amurka. A 1990 wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Park Place Productions ya gina mata John Madden Football a kan Genesis, ya karɓu ƙwarai. Shekara guda bayan haka, Michael Brook na EA da mai rubuta manhaja Jim Simmons suka fito da NHL Hockey. Sun miƙar da filin daga ƙasan allo zuwa sama, abin da ya ba mai wasa damar hango abokansa a gaba ya tura musu faifai. Sun kuma ba 'yan wasan nauyi a kan ƙanƙara: wanda ya ɗauko gudu ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame, juyawa kuma sai da lanƙwasa. Kaset ɗin yana da sunayen ƙungiyoyi da tambarinsu, amma 'yan wasa lambobi ne kawai a baya. A Turai ma da sunan EA Hockey aka sayar da shi, da ƙungiyoyin ƙasashe.

Dalilin rashin sunayen kuwa shi ne a wasannin Amurka lasisi biyu ake saye. Hukumar gasa ce ke da sunayen ƙungiyoyi da riguna, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, wato NHLPA, ita ke da sunayen mutanen da fuskokinsu. A watan Afrilun 1992 'yan wasan suka yi yajin aiki na kwana goma, na farko a tarihin gasar, kuma kuɗin da ake samu da hotunansu yana cikin abubuwan da aka yi jayayya a kai. A shekarar EA ta samu lasisin 'yan wasa, ta rasa na hukuma, wadda ba ta jin daɗin yadda ake nuna dambe. Aka fitar da NHLPA Hockey '93 da sunan kowane ɗan wasa amma babu sunan ƙungiya ko ɗaya, sai dai gari da launin riga. Ƙungiyar New York Islanders ma Long Island aka rubuta mata. Tunda babu idon hukuma, masu ƙera wasan suka saki hannu: ana dambe, kuma wanda ya sha mummunar bangaza yakan kwanta jini na zuba daga kansa a kan ƙanƙara.

Hukumar kuwa tana da wani buri a lokacin. Tun da aka sayar da tauraron hoki Wayne Gretzky daga Edmonton zuwa Los Angeles a watan Agustan 1988, hoki ya fara samun masoya a garuruwan Amurka da ba su san dusar ƙanƙara ba. A Fabrairun 1993 Gary Bettman, wanda ya fito daga hukumar ƙwallon kwando ta NBA, ya zama kwamishinan NHL na farko, da aikin sayar da wasan ga iyalai da gidajen talabijin. A shekarar aka ƙara sababbin ƙungiyoyi biyu, Florida Panthers da Mighty Ducks ta Anaheim, mallakar kamfanin Disney a lokacin, jimilla ta kai 26. Hukumar da ke zawarcin iyaye da yara ba za ta sa tambarinta a kan kaset mai jini ba. EA ta yarda ta cire damben, ta samu lasisin biyu a haɗe karo na farko. A watan Disambar wannan shekara majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan tashin hankali a wasannin bidiyo, inda aka yi ta nuna Mortal Kombat da Night Trap, zaman da ya haifar da hukumar tantance wasanni ta ESRB a 1994.

Wanda aka danƙa wa rubuta manhajar sabon kaset ɗin a Genesis shi ne Mark Lesser, tsohon hannu da ya yi wa kamfanin Mattel ƙananan wasannin riƙewa a hannu tun shekarun 1970. Bai rushe ginin da ya tarar ba, gyara ya yi, kuma babban abin da aka ƙara shi ne bugun nan take. A da, idan aka tura wa ɗan wasa faifai sai ya tare shi, ya saita, sannan ya buga, gola kuma ya riga ya shirya. A NHL '94 mai wasa kan danna madannin turawa, kafin faifan ya isa ya danna na bugu, sai mai karɓa ya ɗirka shi yana isowa, kamar ɗan ƙwallo da ya ɗauki kurosin a sama bai bari ta taɓa ƙasa ba. Wannan ƙari guda ya sauya wasan gaba ɗaya. Ci ya daina zama aikin mutum ɗaya mai gudu, ya koma aikin ido da lokaci: waye ya buɗe, ina gola ya karkata, yaushe za a saki.

Mai tsaro shi ma an ba shi makami, domin yanzu yana iya karɓe gola daga hannun kwamfuta ya sarrafa shi da kansa. Aka ƙara bugun daga kai sai gola, aka ƙara damar mutum huɗu su yi wasa tare ta wani ɗan akwati da ake jonawa, kuma kaset ɗin yana ajiye tarihin wanda ya ci wa. Kafin a fara, ɗan jarida Ron Barr yakan fito a allo ya bayyana waɗanda tauraronsu ke haskawa da waɗanda suka yi sanyi a ranar. Bugu mai ƙarfi da ya kauce wa raga yana iya farfasa gilashin bayanta. Dieter Ruehle, mai kaɗa molon majami'a irin na filayen wasa a Kalifoniya, shi ya shirya kiɗan, kuma an sa wa ƙungiyoyi taken da ake kaɗa musu a gida, har da Brass Bonanza na Hartford Whalers.

Mujallun wasanni na lokacin sun yaba, musamman kan bugun nan take da sarrafa gola da dawowar tambarin ƙungiyoyi. Ƙorafi biyu ne suka yi ta maimaituwa. Na farko damben da aka cire, wanda mutane da yawa suka ɗauka ragi ne ga gaskiyar wasan. Na biyu rashin cikakkiyar kakar gasa, sai dai wasan sada zumunta da zagayen neman kofin gasar, wato kofin Stanley. EA ta saurara: NHL 95 ya zo da kaka cikakkiya da cinikin 'yan wasa, NHL 96 ya dawo da dambe. An biya wa masu ƙorafi buƙatarsu duka biyu, amma ba ɗayan kaset ɗin nan biyu da ake tunawa kamar na 94, wanda ya nuna cewa abin da ya riƙe mutane tun farko shi ne yadda wasan ke amsa yatsa.

Sa'a ma ta taimaka, domin alƙaluman 'yan wasan daga kakar 1992 zuwa 1993 aka ɗauko su, kakar da aka yi ruwan ƙwallaye. Teemu Selänne na Winnipeg ya ci 76 a shekararsa ta farko, Alexander Mogilny na Buffalo shi ma 76, Pavel Bure na Vancouver 60. Mario Lemieux ya tara maki 160 a wasa 60 duk da jinyar cutar daji da ya yi a tsakiyar kakar. Amma gwarzon kaset ɗin ba ɗaya daga cikinsu ba ne, Jeremy Roenick ne na Chicago Blackhawks, wanda ya ci 50. A cikin wasan yana da gudu, yana da bugu, kuma kayar da shi aiki ne.

Wani ɓangare na sirrin kuskure ne a lissafin manhajar Genesis. Nauyin jiki ya kamata ya ba ƙato galaba wajen bangaza, sai lissafin ya juye, mara nauyi ya zama shi ke kayar da mai nauyi. Theoren Fleury na Calgary, ɗaya daga cikin mafi gajarta a gasar, ya zama abin tsoro, Eric Lindros na Philadelphia kuwa da duk girmansa yana zubewa. Masu wasa sun gano haka, suka sake tsara ƙungiyoyinsu a kai, suna ajiye manyan sunaye a benci suna sako ƙananan da ba a damu da su ba. Kuskuren ya zama ilimi da ake koya wa sabon shiga, kuma yana cikin abin da ya ba wasan zurfin da masu sharhin farko ba su samu lokacin gani ba.

Fim ɗin Swingers na 1996, wanda Jon Favreau ya rubuta, ya fitar da wannan al'ada daga ɗakunan samari zuwa silima. A wani fage, abokai suna zaune gaban talabijin, jarumi Vince Vaughn ya ɗauki Chicago yana kuri da Roenick, yana alwashin sai ya fasa wa Gretzky kai. Hirar tasu tana kukan an cire dambe, kamar masu maganar NHL '94, amma abin da ke kan allon kaset ɗin 93 ne mai jini. Roenick, wanda aka shigar da shi zauren gwarazan hoki a 2024, ya sha faɗin cewa mutane da yawa ta wasan bidiyo suka san shi.

Daga baya hukuncin masu sharhi ya ƙara nauyi. Kafar IGN ta sa shi cikin jerin wasanni ɗari mafi kyau da aka taɓa yi, a gefen wasannin da ba su da alaƙa da motsa jiki. Akwai begen ƙuruciya a cikin wannan yabo, ba shakka, kuma akwai begen garuruwa. Quebec Nordiques ta koma Colorado a 1995, Winnipeg Jets ta koma Phoenix a 1996, Hartford Whalers ta koma Carolina a 1997, kuma a cikin kaset ɗin duk suna nan da rigunansu. Amma bege kaɗai ba ya sa mutum ya sake ɗaukar abin wasa mai madanni uku bayan ya saba da na zamani. Wasan ana koyonsa cikin minti biyar, ƙwarewa a kansa kuma tana cin shekaru, kuma ana gama karawa kafin na gefe ya gaji da jiran layi.

EA kanta ta san abin da ta riƙe. A watan Disambar 1993 ta fitar da FIFA International Soccer, tushen jerin da ya mamaye gidajen gem daga Kano zuwa Kumasi, ya kuma fi hoki kawo mata kuɗi nesa ba kusa ba. Duk da haka ta yi ta komawa ga tsohon kaset ɗin. Ta saka shi cikin NHL 06 na PlayStation 2, ta yi masa sashe na cika shekara ashirin a NHL 14, sannan a Oktoban 2020 ta fitar da NHL 94 Rewind, tsohon zane da tsohon motsi amma da 'yan wasan wannan zamani. Masoyansa ba su jira kamfani ba. Suna gyara manhajar da kansu suna sabunta sunaye kowace kaka, suna karawa ta intanet, wasu da kuskuren nauyin a gyare, wasu kuma sun ƙi a taɓa shi. Tun 2015 da aka fara gasar King of 94 a Toronto, mutane kan yi tafiya daga garuruwa masu nisa su zauna gaban tsofaffin talabijin masu ƙeya, a raba su gida biyu, masu buga shi a na'urar Genesis da masu buga shi a na'urar Super Nintendo, kowane gida da nasa zakaran.