Yadda ake gano asalin dabino ta hanyar binciken sinadarai

A kasuwannin kudancin jihar Jigawa, kamar ta Birnin Kudu da ta Sara a ƙaramar hukumar Gwaram, farashin dabino yakan danganta ne da inda mai sayarwa ya ce an samo shi.

Akwai na gida, akwai na Agadas da na Aljeriya. Sai kuma Ajwa na Madina, wanda ya fi su tsada nesa ba kusa ba, saboda darajar da hadisi ya ba shi. Mai saye ba shi da hujja sai maganar ɗan kasuwa.

Masana kimiyya suna da hanyar tantancewa. Itace yana zuƙar ruwa da ma'adinan ƙasar da ya tsiro a kanta, kuma alamarsu tana zama cikin 'ya'yansa.

Ɗaya daga cikin sinadaran da ake dogara da su shi ne sitirontiyom. Yana da nau'o'i masu bambancin nauyi, kuma yawan mai lamba 87 idan aka gwada da mai lamba 86 yana bin irin dutsen da ƙasar ta samo asali daga gare shi da kuma shekarunsa. Itace ba ya sauya wannan ma'auni.

Jigawa kanta misali ce. Birnin Kudu tana kan tsofaffin duwatsu, waɗanda wasunsu ke ɗauke da shahararrun zanen mutanen da, yayin da arewa maso gabashin jihar ke kan rairayin kwarin Tafkin Chadi. Saboda haka ana sa ran alamar amfanin gonar yankunan biyu ta bambanta.

Ana kuma auna nau'in iskar oksijin mai lamba 18, wanda ke nuna irin ruwan da itacen ya sha da zafin wurin.

Hukumar makamashin nukiliya ta duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka kafa sashen haɗin gwiwa a 1964, suna horar da ƙasashe kan wannan aiki.

Sai dai na'ura ba ta faɗin sunan gari. Dole ne a fara tattara samfura daga gonakin da aka tabbatar, shekara bayan shekara, domin a sami abin kwatantawa. Takin zamani da ruwan ban-ruwa ma suna iya jirkita sakamako.

A Najeriya, binciken dabino yana hannun cibiyar NIFOR, wadda ke da reshe a Dutse.