Takardar likitan matuƙin jirgi: tarihinta da rabonmu a cikinta

A shekarar 1988 ina ɗan aji uku a wani ƙauye na ƙasar Buza, fara ta sauko mana. Wata safiya wani ƙaramin jirgin feshi ya ratso ta kan gonaki ƙasa-ƙasa, har muna hangen kan mutumin da ke ciki. Duk muka watse daga aji. Da muka dawo, mushenmu bai dake mu ba, sai ya tambaya: "Wa ke son ya tuƙa irin wannan?" Babu hannun da bai tashi ba. Yau na fi shekara ashirin da fitowa daga makarantar horon malamai ta Tawa, na koyar a Keita da Buza da Madawa, kuma duk ajin da na yi wa wannan tambaya, hannuwa sai sun tashi. Yaran da ke kusa da Galmi ma sun saba ganin ƙananan jiragen da ke sauka kusa da asibiti.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa wani tsohon ɗalibina ne. Ya samu BAC da sakamako mai kyau, ya ce shi tuƙin jirgin fasinja zai koya. Mahaifinsa manomin albasa ne. Ya sayar da bijimai biyu, ya jinginar da garka, aka aika kuɗin kamun gurbi zuwa wata makaranta a ƙasar waje. Sai bayan haka yaron ya je gaban likitan jiragen sama. Aka sa masa na'urar gwajin ji, aka leƙa kunnensa na hagu, aka tarar dodon kunnen a huje yake, yana ruwa, jin ya ragu ƙwarai. Ba a ba shi takarda ba, kuma kuɗin ba su dawo duka ba.

Da uban ya zo gidana ya ce, "Mushe, yaron nan fa tun yana hannunka kunnen ke ruwa," sai na rasa ta cewa. Na tuna shi sarai a aji huɗu, da auduga a kunne, yana karkato kai in ina magana. Na sha ce masa mai taurin kai. Ban taɓa rubuta wa uban ko layi ɗaya ba cewa a kai shi likita. Wannan ne ya sa na bi diddigin takardar nan, in san inda ta samo asali da abin da take nema.

Daga balan-balan zuwa yarjejeniya

Tun kafin a ƙera jirgi mai inji aka fara gane cewa sama tana da nata sharuɗɗan ga jikin mutum. Ranar 15 ga Afrilu 1875, Faransawa uku suka tashi daga Paris cikin wani balan-balan mai suna Zénith, suka kai wajen mita 8,000. Duka ukun suka suma saboda ƙarancin iskar shaƙa. Biyu, Sivel da Crocé-Spinelli, suka mutu. Na ukun, Gaston Tissandier, ya tsira amma jinsa ya lalace. Masanin da ya yi bayanin dalilin haka shi ne Paul Bert, a littafin da ya fitar a 1878 kan nauyin iska. Mu malamai muna da wata alaƙa da shi, don ya riƙe ministan ilimi na Faransa a 1881.

Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, shi ya mayar da wannan ilimi doka. Da farko sojan da ya kasa aikin ƙasa akan tura shi tuƙin jirgi, a ganin cewa ai zama kawai zai yi. Da gawarwaki suka yi yawa, har a filayen koyo inda babu abokin gaba, sai rundunoni suka fara tantance mutane: a duba ido, a ɗora mutum kan kujera mai juyawa a ga yadda jiri ke kama shi, a auna tsawon lokacin da zai iya riƙe numfashi. A 1917 wani likitan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar da faifan ɗige-ɗige masu launi da ake ɓoye lamba a ciki, waɗanda har gobe da su ake gane wanda ba ya bambance ja da kore.

Bayan yaƙi, ranar 13 ga Oktoba 1919, aka sa hannu kan yarjejeniyar Paris ta zirga-zirgar jiragen sama, wadda ta sa gwajin likita cikin sharuɗɗan ba da lasin. Shekara shida bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na Kano. Wato jirgi bai iso ƙasar Hausa ba sai da takardar likita ta riga ta zama abokiyar tafiyarsa.

Tsarin da ake bi yau ya fito ne daga yarjejeniyar Chicago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifi hukumar jiragen farar hula ta duniya, OACI. Rataye na farko na yarjejeniyar, wanda aka amince da shi a 1948, shi ke magana kan lasin da lafiyar ma'aikata. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke aiwatar da shi. A Nijar ita ce ANAC, kuma ita ke zaɓen likitocin da sa hannunsu ke da daraja a wannan fanni. Takardar likitan gari, komai ƙwarewarsa, ba ta maye gurbin tasu.

A yankinmu, an kafa ASECNA a Disamba 1959 don kula da sararin samaniyar ƙasashe da dama, aka kafa kamfanin Air Afrique a 1961 da Nijar a cikin masu shi, har ya durƙushe a 2002. Makarantar EAMAC da ke Yamai tun 1963 tana horar da masu ba jirage hanya, da masana yanayi, da injiniyoyi. Makarantar koyon tuƙi mafi shahara a kusa da mu ita ce ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. A Oktoba 2015 kuma Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar sojan Nijar. Saboda haka burin yaranmu ba tatsuniya ba ne.

Abin da ake dubawa

Takardar hawa uku ce. Mai tuƙin haya, wanda zai ɗauki fasinja ko kaya a biya shi, yana buƙatar aji na ɗaya, mafi tsanani. Aji na biyu na mai tuƙi don kansa ne, na uku kuma na masu ba jirage hanya daga hasumiya.

A wajen ido, ana son kowane ido shi kaɗai ya kai 6/9, duka biyun a haɗe su kai 6/6. Iyaye da yawa sun ɗauka mai tabarau ba ya tuƙa jirgi. Yana tuƙawa, muddin tabarau ɗin ya kai shi wannan mizani, kuma yana ɗauke da na biyu a kusa ko da na farko zai karye. Rashin bambance launi shi ne tabarau ba ya gyarawa. Gado ne da ya fi kama maza, ta wajen uwa yake biyowa, kuma mai shi yakan girma bai sani ba. Dalilin tsanantawa a fili yake: fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kore ce, kuma fitilun gefen titin sauka da ja da fari suke gaya wa matuƙi ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa.

A wajen ji, na'ura ke auna kowane kunne daban. Raguwar ba za ta wuce desibel 35 ba a sautuka na 500 da 1,000 da 2,000, ko desibel 50 a na 3,000. Huda guda a dodon kunne, in ta bushe, ba lallai ta hana ba. Kunne mai ruwa shi ne matsala, domin nauyin iska yana canzawa a duk tashi da sauka, kuma cikin kunne ne ma'aunin da ke hana mutum jiri. Nan ɗalibina ya faɗi.

Sai zuciya, da ake aunawa da na'urar zanen bugunta tun gwajin farko, da hawan jini, da ciwon suga, da huhu, da fitsari. Farfaɗiya tana hanawa. Haka nan shaye-shaye. Yaron da ya saba da tramol don ya jure aikin garka ko karatun dare ya sani yana rufe wa kansa wannan ƙofa.

Akwai batun da ya shafe mu fiye da Turawan da suka rubuta dokokin, wato amosanin jini, wanda muke kira emasi. Mai cutar sosai, SS, ba ya samun takardar, domin ƙarancin iska yana tayar da ciwon. Mai ɗauke da rabi, AS, shi ma an daɗe ana rufe masa ƙofa, bayan da aka ga wasu sun samu ciwon saifa a jiragen da ba a matse iskar cikinsu ba. Makarantar hafsoshin sojan sama ta Amurka ba ta janye haramcin ba sai 1981. A ƙa'idar OACI ta yanzu, AS yawanci ba ya hana mutum. Wannan ya nuna dokokin nan suna gyaruwa in ilimi ya ƙaru, kuma kada wani ya karya wa yaro gwiwa da tsohon labari.

Takarda mai wa'adi

Diplomar da muka samu a makarantar horon malamai tana nan har mu mutu. Takardar matuƙi kuwa wata 12 take yi. In ya kai shekara 40 kuma shi kaɗai ke tuƙa fasinja, ko ya kai 60, sai ta koma wata 6. Gwajin zuciya yana ƙara yawaita da shekaru, har ya zama na kowace shekara bayan 50. Gwajin ji na na'ura kuma daga kowace shekara biyar yake komawa kowace biyu bayan 40. A 65 ake ajiye tuƙin fasinja tsakanin ƙasashe. Ko a tsakanin gwaji biyu, in lafiyarsa ta ragu, ko zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi, doka ta hana shi tashi har sai ya warware.

Duk wannan gini yana tsaye ne kan gaskiyar mutum, don likita ba ya ganin abin da aka ɓoye masa. Ranar 24 ga Maris 2015, mataimakin matuƙin wani jirgin Germanwings ya kara jirgin da dutse da gangan a kudancin Faransa, mutum 150 suka mutu. Bincike ya nuna yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, likitoci sun ba shi takardar hutu, ya ɓoye wa kamfanin. Bayan wannan ne Turai ta wajabta gwajin halayyar matuƙa kafin a ɗauke su aiki. Mu da muka san yadda wani lokaci ake karɓo takardar lafiya ta shiga jarrabawa ba tare da an ko taɓa yaron ba, ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Yaron da ya ga babansa ya nemo masa takardar da ba a duba shi ba, darasin da ya koya ke nan, kuma da shi zai shiga ɗakin tuƙi.

Inda ake cin gwajin

Da na jera abubuwan da ke kayar da mutum a wannan gwaji, sai na ga yawancinsu a gabanmu suke farawa. Sanƙarau yana barin kurunta; waɗanda suka ga annobar 1995 da 1996 sun san yaran da suka tashi ba sa ji, kuma sai a 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar. Ƙyanda tana taɓa ido da kunne. Amodari yana lalata ido a hankali. Ciwon maƙogwaro da aka yi sakaci da shi yana iya komawa ciwon zuciya bayan shekaru. Marin da ake yi wa yaro a kunne yana iya fasa dodon kunnen, kuma wannan mu malamai ne ya kamata mu fara jin kunyarsa.

Abokan aikina, ba sai mun zama likitoci ba. A farkon shekara, a tsayar da kowane yaro a ƙarshen aji, ya rufe ido ɗaya ya karanta allo, sannan ya rufe ɗayan. A tsaya bayansa a yi magana a hankali ta kowane gefe. A lura da mai rikita jan alli da kore. Wanda aka ga alama a gare shi, a rubuta wa iyayensa, a kuma bi sawu har a ga an kai shi likita. Aikin yini ɗaya ne.

Iyaye kuma, a adana katin rigakafi kamar yadda ake adana takardar haihuwa. Kunnen da ke ruwa a kai shi asibiti, a bar ɗiga masa mai ko ruwan ganye. A san rukunin jinin yaro, AA ne ko AS ko SS. In kuma ya girma ya ce tuƙi yake so, to a fara da likitan da ANAC ta amince da shi, a nemi gwajin aji na ɗaya, kafin a sayar da ko akuya. Lasin tuƙin haya yana buƙatar awa 200 a sama, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, kuma kowace awa kuɗi ce mai yawa. Kuɗin gwaji da na mota zuwa Yamai ba su kai ko kusa da wannan ba.

Ɗalibina yanzu an yi masa magani, kunnen ya bushe, ko da yake jin bai dawo duka ba. Yana shirin jarrabawar shiga EAMAC a fannin yanayi, uban kuma yana biyan bashin garka da albasar bana. A ajina na bana yara 62 ne. Na gwada su a makon farko, na samu huɗu da ba sa ganin allo daga baya da biyu masu ruwan kunne, na rubuta wa iyayensu. Biyar an kai su likita. Na shidan, gobe in Allah ya kai mu zan je gidansu da kaina.