Ɗigon Man da Ya Tsaya a Sararin Iska

Duk wanda ya taɓa jin ƙyas a yatsarsa lokacin da ya kama ƙarfe a tsakiyar hunturu, to ya riga ya gaisa da ilektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki. Masanin Ingila J. J. Thomson ne ya gano ta a Kambirij a 1897. Sai dai abin da ya iya aunawa a lokacin shi ne yadda cajinta yake idan aka kwatanta da nauyinta. Nawa ne cajin shi kaɗai? Kuma lantarki ƙwaya-ƙwaya yake kamar gero, ko kwarara yake yi kamar ruwa? A nan gizo yake saƙar.

Masanan Kambirij sun gwada da gajimaren tururin ruwa, amma ɗigon ruwa ba ya jimawa yake bushewa, mai awo bai gama ba abin awon ya ɓace. A 1909, a Jami'ar Shikago ta Amurka, Robert Millikan da ɗalibinsa Harvey Fletcher suka koma ga mai, domin shi ba ya saurin bin iska.

Ga yadda suka yi. Suka ajiye faranti biyu na ƙarfe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tazararsu milimita 16, na saman da ƙaramin huji. Da abin feshi irin na turare suke watsa mai, gogayyar fitowa ta sa wasu ɗigogin su ɗauki caji, ɗaya ya faɗo ta hujin. Su haska shi da fitila, su bi shi da madubin hange, yana ƙyalli kamar tauraro.

Da farko a bar ɗigon ya sauka da kansa. Ƙasa na jan sa, iska na tare shi, har saurinsa ya daidaita. Daga wannan saurin, ta hanyar ƙa'idar Stokes, ake lissafa girmansa da nauyinsa. Daga nan a haɗa farantan da batir mai ƙarfin dubban bolt. Yanzu ƙarfi biyu ke jayayya a kansa: nauyi na kai shi ƙasa, lantarki na ɗaga shi sama. Idan suka yi kunnen doki, sai ya tsaya cak. Idan lantarki ya rinjaya, sai ya hau. Tunda an san nauyin, an san ƙarfin batir da tazarar farantan, abu ɗaya ya rage a lissafi, shi ne cajin. Sukan yi awowi suna kai ɗigo guda sama da ƙasa, agogo a hannu.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda saurin ɗigon ke sauyawa farat ɗaya idan ya kama wata ƙwayar caji daga iska. Duk lissafin da suka yi, cajin ninki ne na adadi guda: sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, babu rabi, babu kwata. A 1913 Millikan ya buga sakamakonsa, wanda a ma'aunin yau ya kama 1.592 × 10⁻¹⁹ na kulom. Adadin da duniya ke aiki da shi yanzu 1.602 × 10⁻¹⁹ ne. Kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma yawancinsa ya fito ne daga adadin kaurin iska da ya yi amfani da shi, wanda bai cika daidai ba. A 1923 aka ba shi kyautar Nobel.

To, amma labarin bai ƙare a nan ba. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, Felix Ehrenhaft ya dage cewa shi ya auna caji ƙasa da na ilektiron, aka yi shekaru ana tafka muhawara kafin masana su karkata ga Millikan. A takardar 1913 ɗin, Millikan ya kawo ɗigo 58, ya ce su ne dukan waɗanda ya gwada cikin kwana 60 a jere, ba zaɓe ya yi ba. A 1978 masanin tarihin kimiyya Gerald Holton ya nuna cewa littattafan ajiyarsa na ɗauke da ɗigogi da yawa da bai buga ba. Allan Franklin ya sake lissafin da su, ya ga amsar kusan ba ta motsa ba. Sakamakon dai gaskiya ne, amma furucin ya wuce gona da iri, shi ya sa har gobe ake kawo wannan misali a darasin amanar bincike.

Sai batun Fletcher. Takardar farko ta 1910 ta fito da sunan Millikan kaɗai. A bayanin da ya bari, wanda aka buga a 1982 bayan rasuwarsa, Fletcher ya ce malaminsa ya same shi har gida suka yi yarjejeniya: Millikan ya ɗauki takardar caji, shi kuma ya ɗauki wata da sunansa kaɗai don samun digirin dakta. Ya amince ba da son ransa ba, amma bai riƙe malamin a zuci ba.

Mu ma'aikatan rediyo muna da dalilin tuna shi. Fletcher ya koma ɗakin binciken Bell, ya duƙufa kan sauti da jin ɗan Adam, ya yi aiki kan na'urar taimaka wa masu larurar ji da kuma sautin sitiriyo. Duk sanda na sa abin sauraro a kunne a ɗakin watsa shirye-shirye, ina cin gajiyar aikinsa.

Tun 2019 aka tsayar da cajin ilektiron a 1.602176634 × 10⁻¹⁹ na kulom, kuma da shi ake fayyace ma'aunin amfiya, wanda ke rubuce a jikin cajar wayarka. Littattafan makaranta da yawa har yanzu sunan Millikan kaɗai suke kira idan sun zo kan gwajin ɗigon mai. Malamin da zai koyar da shi a aji, ya kamata ya ambaci mutum biyu.