Rainon Yara da Jinyar Shaye-Shaye ga Mata Masu Goyo: Nazari a Kan Arlit da Akokan

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke hana mace mai ƴaƴa ɗorewa a jinyar shaye-shaye ta je-ka-ka-dawo a garuruwan haƙar yuraniyom na jihar Agadez. Matsayinta shi ne, samun mai riƙe yaro sharaɗin jinya ne, kuma yanayin Arlit ya tsananta wannan buƙata.

Gabatarwa

Rahotannin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun sha nuna cewa mata kusan ɗaya ne cikin uku na masu shaye-shaye, amma ɗaya ne kacal cikin biyar na waɗanda ke karɓar jinya. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano mace ɗaya cikin kowane masu shaye-shaye huɗu. Jinyar je-ka-ka-dawo ba ta raba uwa da ƴaƴanta, sai dai tana neman zuwa a kai a kai na tsawon watanni, domin wanda jikinsa ya saba da tramol a hankali ake rage masa.

Garin Baƙi

An kafa Arlit a 1969 saboda ma'adinin yuraniyom. Kamfanin Somair ya fara haƙa a 1971, Cominak kuma a Akokan a 1978. Ma'aikata sun samu gidaje da asibitocin kamfani. Sauran masu neman abinci suka yi matsuguni a gefen gari, a unguwannin da ake kira Bukoki. A ƙasar Hausa kaka ce, ko gwaggo, ko kishiya ke karɓar yaro idan uwa za ta fita. Macen da aure ko ci-rani ya kawo Arlit daga Kance ko Tawa ta baro waɗannan a nisan ɗaruruwan kilomita. Rufe Cominak a ƙarshen Maris 2021, wanda ya raba ma'aikata kimanin 600 da aikinsu, da kuma tafiyar maza wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten tun 2014, sun ƙara barin mata su kaɗai da ɗawainiyar gida.

Kuɗin Sirri

Nan ne matsalar ta fi nauyi. Ko maƙwabciya ta yarda ta riƙe yaro, sai ta ji dalili. Sau ɗaya a ce "zan leƙa asibiti" ya wadatar. Idan abin ya zama kowane mako, tambaya za ta biyo baya. Macen da aka sani da shan ƙwaya aurenta na cikin haɗari, kuma a al'ada idan aure ya mutu uba ke da ƙarfin karɓar ƴaƴa, balle an samu abin da za a kafa hujja da shi. Don haka uwa takan zaɓi ɗayan biyu: ta daina zuwa, ko ta zo da ƴaƴan. Idan ta zo, ga jariri a baya yana neman nono, ga ɗan shekara huɗu riƙe da gefen zaninta yana jin duk abin da ake faɗa, kuma zai maimaita shi a gida. Ba mai buɗe cikinta ga likita a haka. Abin takaici, idan ta daina zuwa, rajista za ta nuna "ta gudu daga jinya" ne kawai.

Abin da Zai Yiwu

A Amurka, tun 1992 tallafin gwamnatin tarayya ga shirye-shiryen jinyar mata masu ƴaƴa ya haɗa da sharaɗin kula da yaran a lokacin da uwa ke ganin likita. Nijar na da ƙofa mafi sauƙi. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, saboda haka ganin mace da goyo a cibiyar lafiya ta unguwa ba ya tayar da zargi. A sa ranar jinyar ta dace da ranar awo da rigakafi, a tanadi rumfa da tabarma da ruwan sha nesa da ɗakin ganawa, a ɗauki mace guda a biya ta albashi, a ɗaure ta da alkawarin riƙe sirri irin na ma'aikatan lafiya.