Kunnen Malami da Bakin Ɗalibi

A shekarar 1377 Miladiyya, sa'ad da Ibnu Khaldun ya keɓe kansa a Ƙal'atu Ibni Salama, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, yana tsara Muƙaddimarsa, ya tsaya a kan wata mas'ala wadda har yanzu ba mu fita daga cikinta ba, ko da yake ƙarni shida da ɗoriya sun shuɗe. Ya lura cewa a makarantun Magrib an ƙayyade wa ɗalibi zaman shekara 16 kafin a sa ran ya ƙware, alhali kuwa a Tunis shekara 5 ta wadatar, kuma bai jingina wannan rata ga kaifin ƙwaƙwalwar mutanen wani gari bisa na wani ba, sai ga hanyar koyarwa. Ɗaliban da ya koka da su sukan shafe shekaru a majalisin malamai bakinsu a rufe, ba muzakara, ba munazara, himmarsu duka ta tafi ga hadda, har suka zaci haddar ita ce ilimin. Abin da suka rasa shi ne ya kira malaka, wato ƙwarewar da ta zauna a jikin mutum har ta zame masa ɗabi'a, irin wadda Bahaushe ke nufi idan ya ce wane ya naƙalci abu.

Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne, duk yawan ƙwarewar da ake lissafa wa ɗalibi da malami a wannan zamani, a aji ko a wajensa, sun rataya ne a kan abu biyu masu tafiya tare: ɗalibi ya iya fito da abin da ke cikin kansa, da baki ko da alƙalami ko da hannu, malami kuma ya iya sauraron abin da ya fito ɗin har ya gane inda fahimta ta karkace. Idan aka rasa ɗayan, ɗayan ma ya mutu, domin kunnen malami ba shi da aiki a ajin da ba mai magana sai shi.

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga wannan hanya tana aiki, tana nan a zaurukan malamanmu. Wanda duk ya taɓa zama a karatun zaure bayan sallar Asuba ya san yadda abin yake. Malam na zaune bisa buzu, almajirai sun kewaye shi, cikinsu akwai maɗinki da ɗan kasuwa da dattijo mai furfura da saurayin da bai daɗe da sauke Alƙur'ani ba, kowa ya zaro nasa littafi daga gafaka, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wani Risala, wani Ajurumiyya. Almajiri ne ke fara buɗe baki, ya ja baƙi, malam ya bi shi da fassara gaɓa-gaɓa. Idan almajirin ya sa fataha inda ya kamata ya sa rufu'a, malam ba ya ɗaukar wannan a matsayin tuntuɓen harshe kawai, nan take ya gane cewa mai karatun bai rarrabe wanda ya yi aiki da wanda aka yi aikin a kansa ba, sai ya tsayar da shi, ya ce, "Koma, malam, wa ya yi dukan, wa aka daka?" Da wasali guda ya hango ramin da ke cikin fahimtar mutum. Shi kuwa almajirin, saboda ya san gobe da asuba shi zai ja baƙi gaban jama'a, ba ya kwanciya sai ya yi muɗala'a, ya bi darasin shi kaɗai a gaban fitila, ya yi alama a kalmar da ta gagare shi, ya zo da tambayarsa a shirye. Bayan an tashi kuma sai ka gan su biyu-biyu, uku-uku a bakin masallaci suna bita, wanda ya gane yana warware wa wanda bai gane ba. Wannan ita ce muzakarar da Zarnuji ya fifita a kan maimaitawa kurum a cikin Ta'alimul Muta'allim, littafin da almajiran ƙasar nan suka daɗe suna karantawa.

Muɗala'a ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin waɗannan duka, domin ita ce ƙwarewar da ke bin mutum har kabari. Ɗalibin da ya saba zama shi da littafi, ya yi kokawa da jumla har ya kayar da ita, ko kuwa ya san takamaimai inda ta kayar da shi, to, ya sami abin da zai ci gaba da koyo da shi bayan malami ya rasu, makaranta ta tashi, manhaja ta tsufa. Sanin inda aka kasa ma wani ilimi ne mai zaman kansa, domin daga nan ne tambaya mai kyau ke fitowa. Da bambanci tsakanin yaron da ya ce, "Malam, ban gane ba," da wanda ya ce, "Malam, na gane har nan, daga nan ne ya ɓace mini."

Ba na cewa tsohuwar hanya ba ta da aibi, kuma wanda ya ce haka bai yi mata adalci ba. A makarantar allo bulala ta yi yawa a hannun wasu, Ibnu Khaldun kansa kuwa ya yi gargaɗi cewa tsananta wa yaro yana koya masa ƙarya da kasala, domin ya kuɓuta daga hannun mai duka. Ladabi ga malami, wanda asalinsa abin yabo ne, wani lokaci yakan rikiɗe ya zama tsoron tambaya. Insha'i ya yi ƙaranci, har ka sami mutum ya sauke manyan littattafai amma bai taɓa tsara shafi guda na kansa ba, lissafi kuma in ban da abin da ya shafi gado da zakka ba a cika kula da shi ba. Sai dai ginshiƙin, wato ɗalibi ya faɗa malami ya ji, yana nan daram.

Karatun boko ya shigo ƙasar nan da 'yan ɗalibai kaɗan. Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina kuma, wadda aka buɗe a hukumance a 1922 domin horar da malamai, ita ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam, waɗanda kowa ya shaida sun iya tsayawa gaban jama'a su yi bayani, sun kuma iya riƙe alƙalami. A ajin da bai cika ba, malami yana iya jin muryar kowane yaro a kowace rana. Amma da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yara suka yi tururuwa fiye da yadda aka ƙiyasta, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, azuzuwa suka cika suka batse. Niyyar shirin kyakkyawa ce, kuma miliyoyin mutane sun san harafi albarkacinsa. Sai dai malamin da aka ba ɗan taƙaitaccen horo, aka tsayar da shi gaban yara tamanin, ya koma ga abin da ya fi sauƙi: ya juya musu baya, ya cika allo da alli, su kuma su kwafa. Waɗanda aka koyar ta haka su ne suka girma suka koyar da na bayansu.

Na taɓa zama a bayan wani aji huɗu na firamare, ana darasi a kan yadda ruwa ke zama tururi ya tashi sama. Malamar ta rubuta ma'anar da Turanci, ta sa yara suka rera ta sau goma, ta tambaye su ko sun gane, suka amsa da murya ɗaya cewa sun gane. Da aka fita tara sai na kira wata yarinya wadda muryarta ta fi ta kowa tashi, ta maimaita mini jumlar tsaf, ba ta ci harafi ba. Na ce mata, "'Yata, in innarki ta shanya zane a igiya, da hunturu da damina yaushe ya fi saurin bushewa?" Ta ce da hunturu, saboda iska a bushe take. Na ce, "To, ruwan zanen ina ya tafi?" Ta yi shiru tana murza gefen hijabinta, can sai idanunta suka buɗe, ta ce, "Au, shi ne abin da Malama ta ce?" Amsar tana tsakar gidansu tun tuni, babu dai wanda ya miƙa mata igiyar da za ta ɗaure ta da abin da ke kan allo. Ban ga laifin malamar ba, domin abin da aka yi mata ne take yi.

Nan ne ƙwarewar malami ta biyu ta bayyana, wato fassara, ba daga harshe zuwa harshe kaɗai ba, har daga duniyar littafi zuwa duniyar yaro. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a koyar da yara a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi, amma tanadin ya fi zama a takarda. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci wannan tun kafin a yi kwalejin horon malamai. Tana da Larabci, tana da Fulatanci, amma da ta so ilimi ya isa ga matan ƙauye sai ta tsara shi cikin waƙoƙin Hausa, ta naɗa wa kowace jaji, wato jagorar mata, malfa, ta tura ta ga 'Yan Taru, wato matan da ake koyarwa, domin ta san mai daka da surfe ba ta da hannun riƙe littafi, amma tana da kunne da baki. Malami yana kuma bukatar ƙarfin halin cewa bai sani ba. An ruwaito cewa Imamu Malik, duk da matsayinsa a Madina, yakan amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba, kuma yaron da ya ji malaminsa ya faɗi haka, ya ga ya dawo gobe da amsa, ya koyi yadda ake neman ilimi ba tare da an yi masa darasi a kai ba.

A wajen aji kuwa, hannu ne ke karɓar aikin baki. An ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufkar igiya domin ya ci daga guminsa, kuma har gobe akwai malaman zaure da ke ɗinkin riga da hula ko noma. Vischer ma ya haɗa makarantarsa da sashen sana'o'in hannu. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi nufin kowane yaro ya taɓa zarto da guduma a ƙaramar sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa suka tsufa cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya naƙalce su. Hasarar ta wuce ta kuɗi, domin sana'a ita ce wurin da ba a iya ɓoye rashin malaka: in ɗinki ya karkace kowa zai gani, in tebur ya gurgunce ba za a ce wanda ya yi shi ya gane ba. Yaron gareji yana kallo, ya yi, maigidansa ya duba ya gyara, ya sake yi, wato dai hanyar zaure ce aka kai gindin mota.

Wani abin da zamani ya ƙara wa ɗalibi shi ne tahƙiƙi. Wayar da ke aljihunsa tana zubo masa labari dare da rana ta WhatsApp da Facebook, sahihi da na ƙarya a kwano ɗaya. Al'ummar da malamanta suka gina ilimin isnadi, suna tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, amintacce ne ko kuwa, ba ta da uzurin barin 'ya'yanta suna yaɗa "an ce" ba tare da bincike ba.

Na san abin da malamin firamare zai ce mini, kuma yana da gaskiya: yara ɗari ne a ajinsa, albashi yana jinkiri, jarrabawa kuma hadda take tambaya. Ban ce zai iya sauraron ɗari a minti 40 ba. Amma alarammomin tsangaya sun daɗe da fuskantar yawa irin wannan, suka warware shi da gardawa, babban almajiri ya biya wa ƙananan, malam ya kewaya yana jin inda aka yi gyara. Malamin boko yana iya raba ajinsa gida goma, ya sa wanda ya gane ya yi wa 'yan'uwansa bayani da Hausa, shi kuma ya bi su da kunne, ya ware minti goma na ƙarshe ya kira yara uku, yau waɗannan, gobe waɗancan, kowa ya faɗi darasin da bakinsa. Yana iya sanar da su yau shafin da za a karanta gobe, ya bukaci kowa ya zo da tambaya guda a rubuce. Su kuwa malaman kwalejojin ilimi, idan suka je duba ɗalibansu a lokacin gwajin koyarwa, bayan sun duba tsarin darasi da kyan rubutu a allo, ya kamata su riƙe agogo su ƙidaya minti nawa yara suka yi suna magana, da kuma abin da ɗalibin-malamin ya yi sa'ad da yaro ya ba shi amsar da ba daidai ba.