Asalin Sunayen da ke Allunan Coci-cocin Maƙwabtanmu

Duk wanda ya jima a yankin nan, daga Zuba zuwa Gwagwalada ko Suleja, ya san idan Lahadi ta yi, Hausa ce ke tashi daga lasifikar coci-coci da dama, ya kuma saba ganin alluna masu haruffa irin su ECWA da EYN da LCCN. Mu da muka zo daga Kano ko Katsina mukan haɗa su a kwando ɗaya mu ce ai duk coci ne. To ba haka abin yake ba, kuma a ganina bai kamata mutum ya shekara ashirin yana ciniki a kasuwar kayan marmari da wanda bai san komai game da aƙidarsa ba. Kusan kowane allo akwai wata tsohuwar takarda a bayansa, wadda su ke kira shaidar bangaskiya.

Babbarsu ita ce ta Augsburg, a ƙasar Jamus. A 1529 rundunar Sarkin Musulmi Sulaiman na Daular Usmaniyya ta yi wa birnin Vienna ƙawanya. Sarkin sarakuna Charles na Biyar ya ga ba zai iya yaƙi ba alhali gidansa a rabe yake kan koyarwar Martin Luther, sai ya kira taron sarakuna a 1530, ya ce kowa ya zo ya faɗi abin da ya gaskata. Luther bai iya zuwa ba, domin tun 1521 aka halatta jininsa, sai ya tsaya a fadar Coburg. Abokinsa Philip Melanchthon, mutum mai sanyin baki, shi ya tsara takardar mai sashe 28.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar karatun, 25 ga Yuni. Sarki ya so a karanta da Latin, harshen malamai, amma masu takardar suka dage cewa tunda a ƙasar Jamus ake, da Jamusanci za a karanta. Christian Beyer ya ɗaga murya wajen awa biyu, har waɗanda ke tsakar gida suna ji. Wannan dagewa kan harshen talaka ita ce ta biyo zuriyarsu har ƙasarmu, inda aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi ruwa ya yi tsaki a ciki.

Zuciyar takardar tana sashe na huɗu: mutum ba ya samun karɓuwa wurin Allah ta ƙarfinsa ko ayyukansa, sai ta alheri, ta wurin bangaskiya ga Almasihu. Sassa bakwai na ƙarshe gyare-gyare ne, kamar auren limaman coci da bai wa jama'a ƙoƙon Jibin Ubangiji, ba gurasa kaɗai ba. Ba zan ɓoye muku ba, sashen farko da ke magana kan Triniti ya lissafa waɗanda ba su yarda da su ba, kuma ya ambaci Musulmi a ciki. Takarda ce ta shata iyaka, ba ta lallashi ba.

Su kansu 'yan gyaran ba bakinsu ɗaya ba. A Marburg a 1529 Luther da Zwingli sun daidaita kan batutuwa 14 cikin 15, suka watse kan ko jikin Almasihu yana cikin gurasar da gaske. Daga ɓangaren da ya saɓa wa Luther ne aka sami shaidar da Guido de Brès ya rubuta a 1561, wadda aka jefa ta kan katangar fadar Tournai da dare don hukuma ta gane su ba 'yan tawaye ba ne. Hakan bai cece shi ba, an rataye shi a 1567. Sai littafin tambaya da amsa na Heidelberg na 1563, mai tambayoyi 129. Waɗannan su ne gadon CRCN ta Takum da Wukari, inda Johanna Veenstra 'yar Amurka ta yi aiki a Lupwe. Ita kuwa cocin Angilika ta Wusasa, nata sassa 39 ne na Ingila.

Ta Augsburg ta iso ne ta hannun mutanen Denmak. Likita Niels Brønnum ya sauka Numan a 1913, daga nan LCCN ta tsiro. EYN kuma labarinta daban ne. Ta faro a Garkida a 1923 da zuwan Stover Kulp da Albert Helser, kuma iyayenta, da suka fara a Schwarzenau a 1708, sun ce ba su da wata rubutacciyar shaida sai Sabon Alkawari. Suna yi wa manya baftisma, suna ƙin ɗaukar makami, wato daidai abubuwan da sashe na tara da na goma sha shida na Augsburg suka la'anta. A Turai an kashe masu irin wannan ra'ayi, wasu ma a ruwa aka nutsar da su.

A nan kuwa, inda dukansu tsiraru ne masu addu'a da Hausa, sai ga su a inuwa ɗaya: a 1955 aka kafa TEKAN, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda LCCN da EYN da CRCN duk suke ciki. Turawan sun makara. Sai a 2010, a Stuttgart, ƙungiyar mabiya Luther ta duniya ta roƙi gafarar 'yan Mennonite kan wancan zalunci. Shekara bakwai bayan haka, a Windhoek, ƙungiyar ta zaɓi Musa Panti Filibus, babban bishop na LCCN, ya shugabance ta, ya riƙe kujerar har 2023.